KAFIN KA TAYA, DUBA TAYA: Motar Lantarki Da Maganar Safaya

 A wannan fitowa za mu ɗan ajiye farashin hatsi da na yadi a gefe, mu yi magana a kan wata haja da ta fara shigowa hannun dillalanmu, wato motar lantarki, wadda ba ta shan fetur sai caji.

Tun a 2021 aka nuna Hyundai Kona mai lantarki a Abuja, wadda kamfanin Stallion ya harhaɗa a Ikko, kuma a wannan shekara aka buɗe wurin caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato. Da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, fetur ya yi tashin gwauron zabo, sai masu hali suka fara tambayar wannan mota da gaske. A ƙarshen 2023 gwamnatin Borno ta zuba tasi masu lantarki a titunan Maiduguri. Yau ga su nan ana shigowa da su, sababbi daga Sin, na hannu daga Amurka da Turai.

Duk wanda ya zo taya irin wannan mota, tambayarsa biyu ce: kilomita nawa take yi da caji ɗaya, kuma batirin shekara nawa zai yi. Tambayoyi ne masu kyau. Amma akwai ta uku da ake mantawa, sai an biya kuɗi an hau hanya take bayyana. A buɗe but, a ɗaga shimfiɗar ƙasa, a duba. A galibin waɗannan motoci babu safaya, babu jak, babu sufanar kwance taya. Ba sacewa aka yi a tashar jirgin ruwa ba, haka suka fito daga masana'anta.

YADDA AKA SABA

Mu da muka tashi da Fijo 504 ta Kaduna mun san mota da ƙafa biyar take zuwa, huɗu a ƙasa ɗaya a ajiye. Boswaja tana ɗauke da tata a gaba, Landiroba a kan bonet ko a ƙofar baya. Al'adar ta daɗe. A 1904 wasu 'yan'uwa biyu, Thomas da Walter Davies, a garin Llanelli na ƙasar Wales, suka fara sayar da tayar ko-ta-kwana da ake maƙalawa a jikin wadda ta fashe, suka sa mata suna Stepney, sunan layin da shagonsu yake. Har gobe da wannan suna ake kiran safaya a Indiya. Shekara ɗari da wani abu ke nan direba bai san fita ba ita ba.

Masu ƙira sun fara janye ta tun kafin motar lantarki ta yawaita. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta ƙirga cewa kashi 28 cikin 100 na sababbin motocin 2017 ba su zo da safaya ba. Da lantarki ya zo sai abin ya zama ruwan dare. Tesla ba ta sa safaya a Model 3 da Model Y, haka Model S da Model X. Volkswagen ID.4 da BYD Atto 3 galibi da kwalbar ruwan faci suke zuwa. Akwai 'yan kaɗan da suka riƙe tsohuwar al'ada, kamar a-kori-kurar Ford F-150 Lightning mai cikakkiyar safaya a ƙarƙashin bodi. Wani abin lura kuma, mota iri ɗaya tana iya zuwa da safaya in an ƙera ta don wata ƙasa, ta zo babu in don wata ce. Saboda haka sunan mota ba ya isa shaida, sai ido ya gani.

DALILIN MASU ƘIRA

Dalilinsu uku ne. Na farko wuri. Batirin motar lantarki shimfiɗe yake a ƙarƙashinta kamar katifa, daga tayoyin gaba zuwa na baya, a wasu kuma injin da ke juya tayoyin baya yana zaune daidai ramin da aka saba ajiye safaya. Na biyu nauyi. Taya da wili da jak sukan kai kilo 20 ko fiye, su kuwa kamfanoni gasa suke a kan yawan kilomitar da za su rubuta a takardar talla, ko kilomita ɗaya ba sa so ta kuɓuce. Na uku kuɗi. Abin da aka rage a mota ɗaya, in aka ninka shi sau dubu ɗari, ɗan kasuwa ya san ba ƙaramin abu ba ne.

Amma ƙarƙashin waɗannan duka akwai wani zato da suka yi. Sun ɗauka mai motar yana zaune ne inda kwalta take sumul, inda in taya ta fashe zai buga waya, cikin sa'a guda babbar mota ta zo ta ɗauke shi kyauta, don kuɗin yana cikin garanti ko inshora. To wannan alkawari ba ya biyo mota cikin kwantena. Motar ta iso, masu ɗaukar sun zauna can. Wanda tayarsa ta yage tsakanin Damaturu da Maiduguri, tafiyar kilomita wajen 130, ko a hanyar Maigatari ranar Alhamis da la'asar sakaliya, da kuɗin ciniki a aljihu, shi ya san abin da sa'a guda a bakin hanya take nufi a wannan zamani.

ABIN DA AKE BAYARWA A MADADINTA

Abin da galibi za ka tarar a but shi ne ƙaramin famfo mai aiki da wutar mota, da kwalbar wani ruwa mai danƙo. In ƙusa ta huda taya, sai a ɗura ruwan ta bakin iska, a hura, a ɗan yi tafiya, ruwan ya toshe hudar daga ciki. Yana aiki, amma da sharaɗi. Sai hudar tana kan fuskar tayar da ke taka ƙasa, kuma faɗinta bai wuce milimita 4 zuwa 6 ba, gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta. Bayan haka ba a wuce gudun kilomita 80 a sa'a, kuma wurin mai faci za a nufa kai tsaye. Kwalbar sau ɗaya ake amfani da ita, tana kuma da ranar lalacewa a jikinta. Motar hannu da ta shekara biyar ko shida, sau da yawa ruwan ya riga ya tashi aiki, ko ma tsohon mai ita ya zuba shi tuni.

Mu kuwa abin da ya fi kashe mana taya rami ne da bakin kwalta da ya zaizaye. Rami gefen taya yake tsagawa, wani lokaci har ya lanƙwasa wili, kuma babu ruwan da ke ɗinke gefen taya. Ga lissafi mai sauƙi. A jikin tayar Tesla Model 3 za ka ga an rubuta 235/45 R18. Lambar farko faɗin taya ne a milimita, ta biyu tsayin gefenta ne, kashi 45 cikin 100 na faɗin, wato milimita 106. Tayar Fijo 504, mai lamba 175 a wili 14, gefenta ya kai milimita 140. Ga roba ta ragu, ga nauyi ya ƙaru, don Model 3 tana kusa da kilo 1,800, Model Y tana kusa da 2,000, alhali Corolla ba ta cika wuce 1,400 ba. Mota mai nauyi a kan siririyar roba in ta faɗa rami da gudu, sai dai a yi jaje.

BA A JAN TA DA IGIYA

Wani zai ce in ta lalace sai a nemi mai a-kori-kura ya ja ta zuwa gari, kamar yadda aka saba. A nan ma akwai magana. Injin motar lantarki a haɗe yake da tayoyi kullum. In aka ja ta tayoyin suna juyawa a ƙasa, injin sai ya koma janareta, ya riƙa haifar da wuta da zafi, yana iya ƙona kayan da kuɗinsu ya ninka na taya sau da yawa. Shi ya sa littattafan waɗannan motoci suke cewa a ɗora su ɗungurungum a bayan babbar mota mai shimfiɗaɗɗen bodi. Irin wannan mota akwai ta a Kano da Kaduna da Abuja, amma kafin a kira ta ta zo ƙauye, a yi jinga, a biya zuwa da komowa, kasuwar ranar ta riga ta watse.

Ban da wannan akwai 'yan Rod Sefti. Tuƙi ba safaya yana cikin jerin laifuffukan da Hukumar Kiyaye Haɗurra take cin tara a kansu. Mai mota yana iya tsayawa yana bayanin cewa haka Bature ya ƙera ta, amma kowa ya san yadda doguwar muhawara a shingen hanya take cin lokaci.

SAFAYAR MA BA KOWACE BA

To sai a sayi safaya. Haka ne, amma ba a shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka a ɗauko duk wilin da ido ya faɗa a kai. Abu biyar ake dubawa, kuma in ɗaya ya saɓa, an yi asarar kuɗi.

Na ɗaya, ramukan noti. Tesla Model 3 da Model Y, da Hyundai Kona, da Nissan Leaf, duk rami biyar ne a da'irar milimita 114.3, irin na Camry da Accord. Volkswagen ID.4 biyar ne a 112. Tesla Model S da Model X biyar ne a 120. A ido duk ɗaya suke, a jikin mota ba sa shiga wa juna.

Na biyu, ramin tsakiya. Na Camry milimita 60.1 ne, na Model 3 kuwa 64.1, na Leaf 66.1, na Kona 67.1. Wato wilin Camry, ko da ramukan notinsa sun yi daidai, ba zai zauna a cibiyar ko ɗaya daga cikinsu ba. Kada a yarda wani ya ce zai kai wa mai walda ko mai injin ya buɗa shi.

Na uku, kaurin ƙusoshin. Na Tesla milimita 14 ne, na yawancin motocin Japan 12. Sa'an nan birkin waɗannan motoci manya ne, ƙaramin wili yakan gogi birkin ko ya ƙi shiga sam.

Na huɗu, nauyin da tayar take ɗauka. Bayan lambar girma akwai wata lamba mai biyu ko uku. Lamba 91, wadda aka saba gani a tayar Corolla, kilo 615 take ɗauka. Lamba 98 ta Model 3 kilo 750 ce. Lamba 104 ta Model Y kilo 900 ce. Sau da yawa za ka ga XL a gefe, wato mai ƙarin ƙarfi. Kada a sauka ƙasa da lambar da motar ta zo da ita, balle ga wanda zai loda dila biyu na atamfa a baya.

Na biyar, shekarun tayar. A gefenta, ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lamba huɗu. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, zafinmu kuma yana gaggauta mata. Safayar da ta bushe ta tsattsage, ranar da aka neme ta ranar za ta ba da kunya.

Safaya iri biyu ce. Akwai cikakkiya, irin ta ƙafar motar sak, wadda in ka ɗaura sai ka ci gaba da harkarka. Akwai kuma siririya ta wucin gadi, wadda ake hura wa iska 60 a gejin mai faci, ba a wuce gudun 80 da ita, kuma ba a son ta yi fiye da kilomita 80 zuwa 100. Mai yawo cikin gari, daga gida zuwa Kantin Kwari ko Singa, siririyar ta ishe shi. Mai cin kasuwannin ƙauye da na kan iyaka, Jibiya ko Illela ko Mai'aduwa, cikakkiya ita ce tasa, don ko ya lallaɓa ya isa gari da siririyar, ba lalle ya sami taya mai lambarsa a can ba. Masu ID.4 su ƙara lura, a yawancinsu tayoyin baya sun fi na gaba faɗi, 235 a gaba 255 a baya, sai a nemi shawarar wanda ya san motar kafin a saya.

JAK DA BATIR

Nan ne babbar asara take ɓoye. Yaran masu faci sun saba su tura jak ƙarƙashin mota duk inda ƙarfe ya samu. A motar lantarki abin da ke ƙarƙashin nan batir ne, shi ne kuma mafi tsadar abin da ke jikinta. In jak ya lotsa shi, ana iya rasa batirin ɗungum, wani lokaci har da gobara. Wurare huɗu ne kawai aka tanada don jak, biyu a kowane gefe, kusa da tayoyi, an zana su a littafin motar. Na Tesla har sai an sa wani ɗan dunƙulen roba a ramin kafin a ɗora jak. Mai mota ya san wuraren nan da kansa, ya tsaya a kan yaron har a gama. Jak ɗin kuma ya zama mai ɗaukar tan 2 ko fiye, da guntun katako mai kauri da za a sa masa a ƙasa saboda rairayi.

Notin Tesla ana ɗaure su da ƙarfi ainun, awo 175 a sufana mai geji, ƙaramar sufana ba ta kwance su, sai mai dogon hannu. A gaya wa mai faci abu biyu kafin ya sa ƙarfensa. Akwai 'yar na'ura a gindin bakin iska daga ciki, mai gaya wa direba yawan iskar taya, ƙarfe yana karya ta. Sa'an nan wasu tayoyin akwai soso manne a cikinsu don rage ƙara, sai an yanke daidai wurin hudar kafin faci ya kama.

INA ZA A AJIYE TA?

Ɗan akwatin da ke gaba a wasu motocin bai cika ɗaukar taya ba. Saura but. A kwantar da ita, a ɗaure ta tamau da ɗamara a ƙugiyoyin da ke ƙasan but, jak da sufana a cikin jaka a cusa su a cikin wilin. Taya mai kilo 20 da aka bari sake, in aka taka birki da ƙarfi ko aka yi karo, kan fasinja za ta nufa. Ɗora ta a rufin mota yana sa iska ta riƙa turjewa, caji ya riƙa saurin ƙarewa a doguwar hanya. Amma nauyinta a cikin but ba abin damuwa ba ne, kilo 20 a motar kilo 2,000 kashi 1 ne cikin 100, bai kai rabin buhun siminti ba. Abin da za a rasa na gaske wurin kaya ne, wannan kuwa sai ɗan kasuwa ya auna tun kafin ya zaɓi motar.

Tare da safaya, a riƙe famfon nan na lantarki, da zaren faci mai danƙo da basillarsa. Hudar ƙusa da su ake toshe ta ba tare da an ɗaga mota ba, safaya ta zauna sai ranar babbar ɓarna. A riƙa auna iska kowane mako da safe kafin taya ta yi zafi. Adadin yana rubuce a jikin ƙofar direba, na Model 3 galibi 42 ne, ya fi 30 ko 32 da yaran suka saba hurawa.

LISSAFIN CINIKI

Yanzu ga inda maganar ta shafi aljihu. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi baya a Ikko a 2008, tayar mota daga waje take zuwa mana, farashinta kuma dala yake bi. An saki naira a Yunin 2023, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Cikakken saitin safaya na irin waɗannan motoci, wili da taya da jak da sufana, ɗaruruwan daloli ne a can inda ake yin sa, kafin a zo ga kuɗin jirgi da na kwastan. In aka aiko shi shi kaɗai daga baya, dako kawai ya isa ya ɓata lissafi. In kuwa aka sa shi a but ɗin motar tun tana can, a kwantena ɗaya za su taho. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai yin oda ya gaya wa wakilinsa tun kafin a loda.

Mai saye a nan gida, ya buɗe but kafin ya buɗe baki. In babu safaya, ya nemi farashin saitin, ya cire shi daga tayinsa, ko ya sa sharaɗi a kawo kafin ya cika kuɗi. A gwada ta a jikin motar a gabansa, gaba da baya, a juya a ga ba ta gogar birki. Alkawarin "za a kawo maka mako mai zuwa" kowa ya san inda yake ƙarewa.

'Yan'uwa dillalai, ku kuma naku shi ne faɗin gaskiya tun farko. Rashin safaya ba aibin ɓoyewa ba ne, tun da haka aka ƙera motar, amma in ka yi shiru Alhaji ya gano a dajin Allah da tsakar rana, sunanka zai fara kira, ba sunan kamfani ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi la'ada ya nuna wa mai saye wuraren jak, ya gaya masa ba a jan ta da igiya, ya haɗa shi da inda zai sami taya mai lambarsa. La'adar mota ɗaya ba ta kai amincin da zai kawo maka mutum biyar ba.

Masu sayar da taya da kayan gyara, ga ƙofa ta buɗe. Duk motar lantarki da ta shigo ba safaya, ciniki ne yake jiran mai shi. Amma a bi a hankali, kada a zuba jari a cika shago da lambar da ba a tambaya. A fara da sanin irin motocin da ke yawo a garinku, a rubuta lambar tayarsu da ta wilinsu, a ajiye saiti biyu ko uku, in sun tafi a ƙaro. A tuna kuma tayar hannu tana cikin kayan da kwastan ta hana shigowa da su, ga shi mota mai nauyin nan ba ta yafe wa tsohuwar roba. Araha ba ta ado. Mai facin da ya fara koyon wuraren jak da kula da na'urar iska, shi ma masu irin wannan mota za su riƙa neman rumfarsa suna gaya wa juna.

Wannan shi ne abin da ya samu a wannan fitowa. Farashin gero da masara da wake na Dawanau yana shafi na gaba kamar kullum. Allah ya kiyaye hanya, ya kawo kasuwa mai albarka. Wassalam.